Sakatar Banɗakin Inna

Malam Shehu Abdulrahim ya shekara ashirin da bakwai a ofishin rajista na jami'a, nan Samaru, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburinsa zai faɗa maka mutumin ba ya da tsoro. Furofesa mai furfura zai shigo yana huci, ya fita yana ba da haƙuri. Amma ka ɗauki wannan Malam Shehun ka ajiye shi gaban mahaifiyarsa, wallahi sai ka tausaya masa. Murya ta shige ciki, hula ta karkace, hannuwa su rasa inda za su zauna.

Shi ne ɗan farinta. Inna Nana Hafsat kuwa irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Shekara hamsin da huɗu da haihuwarsa, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ta yi masa magana ba. In tana da saƙo gare shi, sai ta nemi abin da ya fi kusa da ita ta faɗa wa abin: filas ɗin shayi, ko rediyo, ko ƙafar gado. Shi kuma ya tsuguna daga bakin ƙofa ya amsa wa filas ɗin cikin ladabi. Haka suke tun yana yaro, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki sai baƙo.

Da damina Inna ta zame a tsohon gidansu na Jushi, ƙashin ƙugunta ya tsage. Da aka sallamo ta daga asibiti sai Shehu ya wuto da ita gidansa, ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska. Komai ya yi daidai in ban da banɗakin. Wanda ya gina gidan, Allah ya shirye shi, ya dasa wani ƙaton kwamin wanka mai tsayi har gwiwa, irin wanda mai lafiya ma sai ya yi bisimilla kafin ya ɗaga ƙafa. Inna ba ta iya hawa, ba ta iya sauka. Dole kullum da hantsi matar Shehu, Rahamatu, ta tallafe ta ta shigar da ita, ta cuɗa ta, ta fito da ita.

Suruka ta yi wa suruka wanka! Ai ko a faɗe abin da nauyi. Wata huɗu ana haka, su biyun suna fitowa daga banɗakin nan kowa fuska a ɗaure, kamar waɗanda suka dawo daga ta'aziyya.

Ran nan da safe Shehu ya tsuguna yana gaisuwa. "Inna, kun tashi lafiya? Ya ƙarfin jikin?"

Inna ta rage muryar rediyonta, ta dube shi, shi rediyon, ta ce, "A faɗa wa mai gidan nan, ranar da wata ya tsaya zan koma ɗakina."

"Inna, Jushi? Wa zai duba ku a can?"

"A faɗa masa makewayina na can ba ya buƙatar 'yar rakiya."

Shehu ya fito gumi na keto masa. Gidan Jushi babu kowa sai wani ɗan haya da ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i. In ta sake faɗuwa a can, sai dai maƙwabta su ji shiru ya yi yawa. Ya kuma san Inna: in ta faɗa wa rediyo magana, to maganar ta zauna. Ya duba kalanda, saura kwana goma sha tara.

A mota, kan hanyar ofis, dabara ta faɗo masa. Ya tuna wani otal da ya taɓa sauka a Abuja lokacin wani taro, banɗakin babu kwami, babu matakala, babu ko ɗan tudu. Ƙasa ɗaya ce shimfiɗe da tayil tun daga ƙofa har bango, ka yi wanka duk inda ka ga dama, ruwan ya bi ya shige wata 'yar magudana a kusurwa. Wet-rum suke ce masa. Bai ƙarasa ofis ba, ya karya kan mota ya nufi Sabon Gari.

Duk mai neman aikin famfo da tayil a Sabon Gari ya san shagon Emenike. A nan aka haife shi, a nan ya yi furfura, Hausa kuwa in yana zuba ta daga bayan labule ba za ka ce ba jikan malaman birni ba ne. Ya saurari Shehu har ƙarshe yana kaɗa kai, sannan ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Aiki mai sauƙi, Oga. Za mu fasa kwamin, mu shafe ƙasa da maganin hana yoyo, mu yi gangare, mu sa tayil. Tambaya uku kawai. Mama a tsaye take wanka ko a zaune?"

Shehu ya ƙware da yawunsa. "A'uzubillahi! Uwar tawa?"

"To uwar wa? In a zaune ne, ina son tsayin wurin zama. Da wane hannu take dafa bango in za ta miƙe? Nan zan kafa ƙarfen riƙewa. Sannan hannunta iya ina yake kaiwa in tana zaune, don famfo."

"Ka yi yadda ake yi wa kowa mana."

"Babu kowa a wannan aikin, Oga. In na kafa ƙarfe inda hannunta ba ya kai, na yi wa bango ado ne kawai. Ka je ka tambaye ta. Ko ka kawo ta ta zauna, in zana da alli."

Shehu ya dube shi kamar an ce masa ya je ya tsinka wa limami mari. "Emenike, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ni ne fa ɗan farinta."

Emenike ya sauke fensir. "Ayya. Ka ce abin babba ne."

Kafin ya bar shagon sai da suka yi rigima kan tayil. Shehu ya ƙyalla ido ya ga wani fari sol mai sheƙi, har kana ganin haƙoranka a ciki, ya ce shi Inna ta cancanta. Emenike bai yi musu ba. Ya kwantar da guda huɗu a ƙasa, ya watsa ruwa, ya goga sabulu, ya ce, "Bisimilla, cire takalmi ka taka." Malam Shehu ya tattare babbar riga ya taka da ƙarfin gwiwa. Abin da ya biyo baya ba rawa ba ce, ba kuma sallah ba, amma ya haɗa da ruku'u. Da ƙyar ya rungumi ginshiƙin shagon. Masu shagunan kusa suka yi ta yi masa sannu suna juya baya kafaɗu na rawa. A ƙarshe ya zaɓi wani mai kaushi, ruwan ƙasa, wanda ko kallo na biyu bai yi masa ba da farko. Amma ya ƙi fita hannu sake: ya sayi wata shawa mai faɗin faranti, irin mai zubo ruwa ta sama kamar ruwan Agusta.

Da ya dawo gida ya ja Rahamatu gefe, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da tambayoyin Emenike. Ai ita ce mai shiga da ita, ita za ta sani.

Rahamatu ta riƙe haɓa. "Baban Suhail, ni ina na sani? Wata huɗu silin nake kallo. Ran nan sai da na gama cuɗa famfo tas kafin na gane ba ƙafarta ba ce. In tsagar silin kake so, guda goma sha ɗaya ce, in zana maka su yanzu."

Kwana biyu suka tafi a banza. Mutumin da ke warware rikicin ɗalibai dubu ya koma leƙen sandar Inna yana gwada ta da taku, yana auna tsayin gadonta da ido, yana rubutawa a bayan ambulan. A nan maƙwabciyarsu ta kama shi, tsugune a baranda yana auna silifan tsohuwa da rula.

Mama Tabitha, wadda unguwa ke kira Maman Ƙauna, tsohuwar nas ce daga kudancin Kaduna. Ta shekara talatin da biyar tana juya marasa lafiya a gado, saboda haka kunya irin wannan ta daɗe da barin jikinta. Tun zuwan Inna suka ƙulla ƙawance, kullum da la'asar suna tare suna fasa goro suna gyara wa masu labarai na rediyo magana. Ta sa Shehu ya yi mata bayani, ta yi dariya har da dafa bango.

"Kai Shehu! Duk karatun nan naka? Miƙo min zaren can."

Ta ɗauki zaren buhu ta shige ɗakin Inna ta turo ƙofa. Aka ji muryoyi ƙasa-ƙasa, aka ji salati, aka ji wata dariya da Shehu ya daɗe bai ji irinta daga ɗakin ba. Bayan rabin awa Maman Ƙauna ta fito da zaren, an yi masa ƙulli uku.

"Riƙe nan. Ƙulli na farko tsayin wurin zama daga ƙasa. Na biyu inda hannunta na dama ke dafawa. Na uku famfo. Ka kai wa mai aikin haka, kar ka kwance."

"Na gode, Mama. Shawar fa? Kin gaya mata irin wadda na sayo?"

"Na gaya mata. Ta ce ita ba shuka ba ce da za a riƙa yi mata ban-ruwa ta ka. Wa zai sake mata kitso kullum? Famfo take so a ƙasa, da bokiti, da moɗarta."

Shawa mai faɗin faranti ta koma kwalinta. Shehu ya ji zafin wannan, ba ƙarya, don har ya riga ya ba abokan ofis labarinta.

Aka mayar da Inna ɗakin baƙi, aiki ya kankama. Emenike ya ɗauki zaren nan da girmamawa kamar takardar kotu, ya rataye shi a ƙusa, kullum da shi yake fara aiki. Rana ɗaya aka yi ana dukan kwamin da guduma kafin ya saki. Aka kankare ƙasa, aka sauke bututu, aka shafe ko'ina da wani baƙin abu mai warin kwalta har rabin bango. Shehu ya ɗauki hutu a ofis musamman don ya sa ido, abin da Emenike ya ce shi ne mafi wahala a duk aikin.

Ranar da za a mayar da masai, Shehu ya shigo da sauri da wayarsa a tafin hannu, allurar alƙibla na juyawa. "Tsaya! Kar ka kafa shi yana kallon gabas, kar kuma ya ba ta baya."

Emenike bai ko ɗago ba. "Oga, shekara talatin ina kafa masai a gidajen malaman Zariya. Duba inda na ja layi." Shehu ya duba, ya duba waya, ya mayar da ita aljihu a hankali.

Sai ranar siminti. Shehu ya tsuguna ya kanne ido ɗaya ya hango ƙasar. "Emenike, ƙasar nan ta karkace!"

"Karkacewar ce aikin."

"Mutum ya biya a yi masa gini, a yi masa karkatacce?"

"In na yi maka shi daidai kamar teburin ofishinka, ruwa zai tsaya yana jiran izini. Ɗan gangare ne kaɗan, ƙafa ba za ta ji ba, ruwa zai ji."

Da tayil ya kama, Emenike ya fita tsakar gida ya tsinko lemon tsami a bishiyar Rahamatu, ya zaɓi wanda ya fi mulmuluwa. Haka yake gwajinsa, ya ce ma'auni na iya yin ƙarya amma lemo bai iya ba. Ya ajiye shi a kusurwar ƙofa ya saki. Lemon ya yi jim, ya gangara a hankali kamar mai jin nauyin jama'a, ya je ya zauna a kan magudana. Ya gwada daga kowace kusurwa, ya gwada daga bayan masai. Wuri ɗaya lemon ya tsaya cak, nan take ya ɓalle tayil uku ya sake su. Shehu abin ya burge shi har ya wuce misali. Da yamma Rahamatu ta same shi shi kaɗai a durƙushe yana ta sakin lemo yana ce masa, "Yauwa, haka nan."

Daga nan aka toshe magudanar da tsumma, aka kira mai ruwa ya juye jarka shida a ƙasa, aka bar shi kwana guda a ga ko zai yi yoyo. A Samaru, inda ake tashi da asuba a tari famfo! Labari ya kai wa Inna. Ta dubi filas ta ce, "A tambayi mai gidan nan, kifin yaushe za a kawo?"

Ruwa bai ragu ko ɗigo ba. Aka gina wurin zama daidai ƙulli na farko, aka kafa ƙarfe a na biyu, famfo a na uku. Aka faɗaɗa ƙofa yadda za ta buɗe ta waje. Emenike ya ɗauko sakata zai kafa, Shehu ya riƙe hannunsa.

"Bar ta. Ba za a sa ba."

"Banɗaki ba sakata, Oga?"

"In ta kulle ta faɗi a ciki fa? Kafin a ɓalle ƙofa me ya faru? Ba sakata, ba makulli. A riƙa turawa kawai."

"Ni dai da ka…"

"Uwata ce ko taka?"

Emenike ya jefa sakatar cikin jakarsa.

Saura kwana biyar wata ya tsaya aka kira Inna ta ga aiki. Ta taho da sandarta, Maman Ƙauna na gefe, Shehu na can baya yana leƙe ta kafaɗar matarsa. Ta cire silifa ta murza ƙasar da tafin ƙafa. Ta zauna a wurin zaman, ta miƙa hannu, ƙarfe na nan inda ya kamata. Ta miƙe ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Ta murɗa famfo, ta bi ruwan da ido har ya shige. Sannan ta dubi bokiti ta ce, "Ikon Allah. Ashe makewayinmu na Jushi ne aka sa wa riga. Shi ne sai da aka je Abuja aka gano shi?"

Kowa ya yi dariya, Shehu har da ƙwalla don daɗi. Inna ta juyo za ta fita, ta kama ƙofar, ta shafa gefenta daga sama zuwa ƙasa. Ta sake shafawa. Ta saka silifanta ta koma ɗaki.

Washegari Rahamatu ta kai ruwan zafi ta ajiye, ta fito tana murna yau ba kallon silin. Ruwan ya huce a bokiti ba a taɓa shi ba. Jibi ma haka. Inna ba ta shiga ba, ba ta kuma kira kowa ya taimaka mata ba, alwala kawai take yi a baranda da buta. Rana ta uku aka ga ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado tana ninke zannuwa.

Shehu ya rikice. Ya ce ko launin tayil ɗin ne. Ya ce ko warin siminti ne, ya sa aka turara ɗakin har sau biyu. Ya sake sakin lemo. Duk abin da ke cikin banɗakin nan ya zarga, ban da abin da shi da kansa ya hana a sa. Da ya rasa yadda zai yi ya tafi wurin Maman Ƙauna.

Tana tsince shinkafa, ba ta ko ajiye tiren ba. "Sakata."

"Mama, ke fa nas ce. Kin san dalilina."

"Na sani, dalilinka mai kyau ne. Amma matar nan wata huɗu ba ta da wurin da za ta shiga ta san ba mai buɗowa. Ka cire mata kwami ka bar ta a buɗe. To me ka gyara?"

Shehu ya koma Sabon Gari a ranar. Emenike ya yi murmushin wanda ya san za a dawo, ya jawo wani ɗan makulli daga aljihun tebur. "Ga maganin rigimar. Ta ciki murɗawa ake yi, ya kulle ƙam. Ta waje kuwa ga wata 'yar tsaga, in wani abu ya faru ka sa bakin cokali ka murɗa, ya buɗe. Ita ta samu kulle, kai ka samu kwanciyar hankali. Ba mai sani." Shehu ya kusa rungumarsa. Kafin la'asar an kafa.

Aka sake kiran Inna. Ta shiga, ta murɗa, ya ce ƙyas. Ta buɗe ta fito. Shehu ya fara sakin numfashi. Sai ta mayar da ƙofar, ta tsaya ta waje, ta sunkuya tana duban makullin kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Wai ita za a yi wa wayo, matar da ta yi shekara arba'in tana ɓoye wa yara tara mabuɗin ɗakin ajiya!

"Maman Ƙauna, shiga ki kulle."

Maman Ƙauna ta shiga ta kulle. Inna ta ce a miƙo mata cokalin shayinta. Ta sa bakinsa a tsagar, ta murɗa, ƙofa ta buɗe, ga Maman Ƙauna tsaye tana kallon sama. Emenike ya tuna yana da wani aiki a Zabi, ya fara tattara kaya.

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta daɗe tana duban cokalin a hannunta. Da ta yi magana, ƙofar ta yi wa, muryarta ko rawa babu.

"A faɗa wa mai gidan nan, na san tsoro yake ji, Allah ya yi masa albarka. Faɗuwa na taɓa yi, na san zafinta. Wata huɗun nan sun fi ta zafi."

Kunya ta rufe Shehu, irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Duk kwanakin nan lissafin ƙashinta yake yi. Ya ɗauki mabuɗin mota.

A layin 'yan ƙarfe na kasuwar Sabon Gari ya sayi sakata irin ta ƙofar shago, baƙa, mai kaurin babban yatsa. Mai sayarwa ya tambaye shi ko ta get ɗin gida ce, ya ce ta banɗaki ce, mutumin ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ya dawo ya cire makullin Emenike, ya toshe ramin da katako. Da hannunsa ya kafa sakatar, shi da bai taɓa riƙe sukuddireba da niyyar aiki ba. Ya ƙuje yatsa biyu, ta ɗan karkace, amma ya shafa mata man gyaɗa har sai da ta riƙa tafiya da yatsa ɗaya. Ya sa Rahamatu ta shiga ta zura, ya bangaji ƙofar da kafaɗa iya ƙarfinsa. Ko motsi ba ta yi ba, kuma hakan bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Da magariba aka ga wata. Direban da Inna ta sa aka yi wa magana ya aiko cewa gobe bayan azahar zai zo ɗaukarta.

Da hantsi Rahamatu ta kai ruwan zafi ta fito. Shehu na tsaye a baranda da shirin ofis, ya ji takun sanda, ya ji an ja ƙofa. Sai ƙarau! Ƙarar ta ratsa gidan har kicin. Ya ji daɗi, ya kuma ji tsoro, duka a lokaci guda.

Ba zai iya tsayawa a ƙofar ɗakinta ba, wannan ba tarbiyya ba ce. Sai ya zaga bayan gida, inda bututun banɗakin ke fitowa ya zuba a kwata. Ya ɗauko gudumar da Emenike ya manta, ya jawo bulo ya zauna da babbar rigarsa, ya zuba wa bakin bututun ido. Can sai ga ruwa, da fari tsararo, daga baya mai kumfa. Muddin yana zuba, tana lafiya. Ya zuba, ya tsaya, ya sake zubowa, moɗa bayan moɗa.

Sai ya ɗauke.

Shehu ya ƙirga goma. Ya ƙirga talatin. Kumfar da ke kwata ta fara fashewa, ba wani da ya biyo ta. Ya miƙe da guduma a hannu. Rahamatu, da ta zagayo ta same shi, ta riƙe hannun rigarsa.

"Baban Suhail, zauna."

"Shiru fa ya yi yawa."

"Cuɗa take yi. Ka bar ta."

Ya zauna, ba don ya yarda ba. Bakinsa na motsi, duk addu'ar da ya sani sai da ya jawo ta. Minti ɗaya, biyu, uku. Sai bututun ya yi tari, ruwa ya ɓarko da yawa, sauran bokitin gaba ɗaya. Jim kaɗan suka ji an zare sakata, sanda ta fara takawa.

"Rahamatu!"

"Na'am, Inna!"

"Ruwan nan ya yi sanyi. Gobe a ƙara masa zafi."

Rahamatu ta ruga tana amsawa. Shehu ya ajiye gudumar a ƙasa a hankali. Gobe, ta ce. Ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, ya zauna nan bakin kwata yana kuka, ƙaton mutum da furfurarsa, sauran ruwan sabulu na bi ta gefen takalminsa.